Rabo biyu na Elisha: yaya zan koyar da shi ga matasa?

Salama 'yan'uwa. An ba ni nazarin Littafi Mai Tsarki na matasa a kan Iliya da Elisha. Da yawansu sun ɗauka "rabo biyu" na ruhun annabi Iliya, wanda Elisha ya roƙa a 2 Sarakuna 2:9, yana nufin ninkin ikon Iliya, har suna bin masu wa'azi gari-gari don a ɗora musu hannu. Ta ina zan fara?

Wani Rabaran: Ɗana, kada ka fara da 2 Sarakuna 2. Koma 1 Sarakuna 19:19-21. Iliya ya tarar da Elisha ɗan Shafat yana huɗa da shanu, ya jefa masa alkyabbarsa. Elisha ya yanka shanun, ya dafa naman da itacen garmar, ya bi shi yana yi masa hidima. A 2 Sarakuna 3:11 ma, abin da aka san shi da shi shi ne zuba wa Iliya ruwa a hannu. Sai sun ga wannan za ka kai su 2 Sarakuna 2, labarin tafiyar Gilgal, Betel, Yariko da Urdun, inda sau uku Iliya ya ce wa Elisha ya tsaya, Elisha ya ƙi rabuwa da shi.

Rabo biyu kuwa maganar gado ce. Maimaitawar Shari'a 21:17 ta ba ɗan fari kashi biyu. Elisha ya roƙi matsayin magaji ne, bai roƙi ya fi ubangidansa ba. Iliya kansa ya ce abu ne mai wuya, domin ba shi ke bayarwa ba.

Wata malamar makarantar Lahadi: Gaskiya ne, Baba. Ɗan'uwa, ka ware mako guda ga Gehazi, baran Elisha, 2 Sarakuna 5. Ya zauna da Elisha, ya ga al'ajibai da idonsa, amma ya bi Na'aman, shugaban sojojin Suriya da aka warkar daga kuturta ta hannun Elisha, a ɓoye ya karɓi azurfa da tufafi, ya ƙare da kuturta. Kusanci da shugaba kaɗai ba ya gyara zuciya, kuma matasan nan suna bukatar jin haka.

Wani dattijon ikkilisiya: Batun ɗora hannu, ka buɗe musu Littafin Ƙidaya 27:18-23. Musa ya ɗora wa Joshuwa hannu a gaban Ele'azara firist da dukan jama'a, bayan shekaru yana yi masa hidima. Ka haɗa kowane matashi da dattijo ɗaya a ikkilisiyarku, su riƙa zuwa gaida marasa lafiya tare, in sun dawo su tattauna.