Wai ya kamfanin zanen gine-gine ke girma har ya shekara 80 bai mutu ba?

Sabon_Akitek:
Assalamu alaikum manyanmu. Don Allah ina da tambaya ga waɗanda suka daɗe a harkar zanen gini. Ni da abokaina biyu da muka gama makaranta tare mun buɗe ɗan ofis, aiki na shigowa jefi-jefi, yawanci gidajen zama ne da gyaran ofisoshi, alhamdulillah ba a zaune muke ba amma abin da ke damuna shi ne ofisoshi da yawa da zarar oga ya tsufa ko ya rasu shikenan sai a rufe ƙofa, yaransa kowa ya kama gabansa, zanen shekara talatin ya ƙare a cikin kwali. Amma kuma sai ka ji wani kamfanin ya shekara 80 ko fiye yana aiki, waɗanda suka kafa shi sun rasu tuntuni sunan kuma na nan daram. Me suke yi ne haka? Daga mutum uku zuwa mutum dubu ta ina ake bi?

Tsohon_Hannu:
Wa alaikumus salam ƙanena, na ji daɗin tambayar nan domin yawancin matasa sai sun kai shekara hamsin suke fara tunaninta. Ɗauki Skidmore, Owings & Merrill, wato SOM. A Shikago aka kafa shi a 1936, Louis Skidmore da Nathaniel Owings, surukan juna ne ma don Skidmore ƙanwar Owings ya aura ko yayarsa, 'yar gidansu dai, lokacin kuma tattalin arziki a durƙushe yake ba wanda ke gini. A 1937 suka buɗe reshe a New York, a 1939 suka jawo John Merrill, shi kuma ya san injiniyanci. Wannan shi ne abu na farko da nake so ka riƙe, tun da wuri suka haɗa mai zane da injiniya a ƙarƙashin rufi ɗaya, ba sai an gama zane a kai wa wani ofis ya ce ai wannan ba zai tsaya ba.

Abin da ya ɗaga su shi ne lokacin yaƙin duniya na biyu da gwamnatin Amurka ta ba su tsara garin Oak Ridge a jihar Tennessee, gari sukutum daga fili, wanda zuwa 1945 mutanen cikinsa sun kai wajen 75,000. Aiki irin wannan mutum ɗaya ba zai iya riƙe shi a kansa ba komai basirarsa, dole ka koyi raba aiki, wane shi ne kan zane, wane shi ne kan hulɗa da mai aiki da lissafin kuɗi, wane kan takardun gini da duba fili. Da yaƙi ya ƙare sun riga sun iya tafiyar da ɗaruruwan ma'aikata.

Sai abu na biyu, wanda a ganina shi ne sirrin duka. Gine-ginen da suka yi wa SOM suna ba su ukun nan ne suka zana su ba. Lever House na New York a 1952 Gordon Bunshaft ne. John Hancock Center da Sears Tower a Shikago Bruce Graham ne da Fazlur Rahman Khan, injiniya haifaffen Dhaka da ya shigo kamfanin yana matashi a 1955, shi ya fito da dabarar sa bangon waje ya riƙe dogon bene ya tare iska, aka samu sauƙin ƙarfe sosai. Duk wanda ya sauka a tashar alhazai ta filin jirgin Jidda ya tsaya a ƙarƙashin aikinsu, rumfunan nan farare 210, kowace mita 45 tsawo da faɗi, an rataye su da igiyoyin ƙarfe daga dogayen turaku, gefe a buɗe iska na ratsawa, zafi na fita ta bakin da ke ƙololuwar kowace rumfa, hasken rana na shigowa amma ba ya ƙuna. An gama ta a 1981, ta ci kyautar Aga Khan ta zanen gine-gine a 1983. Skidmore ya rasu tun 1962, amma a 2010 aka buɗe dogon benen Burj Khalifa na Dubai mai mita 828, zanen SOM ne. Sun bar yaransu sun zama masu kamfani, sun bar su sun fi su suna. Ogogi da yawa a nan suke kasawa wallahi.

Maman_Zane:
Baba ya faɗi gaskiya amma ina so in ƙara ɓangaren da ba a cika faɗa wa matasa ba, shekarun farko na jira. Zaha Hadid ta buɗe ofishinta a Landan wajen 1980, ta ci gasar zanen ginin The Peak ta Honkon a 1983 ba a gina ba, ta ci ta gidan opera na Cardiff a 1994 nan ma aka fasa, mutane har suna cewa zanenta na takarda ne kawai. Babban gininta na farko da ya tsaya a ƙasa shi ne tashar kashe gobara ta Vitra a Jamus a 1993, ka lissafa da kanka shekara nawa ke nan, koyarwa da gasa da 'yan ƙananan ayyuka ne suka riƙe ofis ɗin. A 2004 ta zama mace ta farko da ta karɓi kyautar Pritzker, babbar kyautar duniya ta masu zanen gini, daga nan aiki ya yi ta kwarara. Da ta rasu kwatsam a 2016 da yawa sun ɗauka ofis ɗin ya ƙare, amma akwai Patrik Schumacher da suka yi shekaru suna aiki tare da sauran daraktoci, suka ƙarasa filin jirgin Daxing na Beijing aka buɗe a 2019, a 2021 kuma aka mayar da mallakar kamfanin hannun ma'aikata. Sai dai fa an sha shari'a a kotu tsakanin waɗanda ta bar wa wasiyya, abin da ke nuna maka ko babban kamfani ne in ba a warware maganar gado sarai ba za a ji jiki.

Norman Foster shi ma ya fara da matarsa Wendy a 1967 bayan Team 4, ofishin zanen da suke ciki da Richard Rogers, ya watse. A 1979 ya ci gasar hedikwatar bankin HSBC a Honkon alhali bai taɓa gina dogon bene ba, aiki ɗaya ya fitar da shi duniya. Amma da tattalin arziki ya rushe a 2008, a 2009 sai da suka sallami ɗaruruwan ma'aikata. Harkarmu haka take, albashi kowane wata ne, kuɗin zane kuwa kashi-kashi ake biya sai an kai mataki, in masu gini suka ja birki kai ne na farko da za ka ji a jikinka.

Zane_Kawai:
Ni fa ban yarda cewa dole sai kamfani ya girma ba. Glenn Murcutt a Ostareliya shi kaɗai yake aikinsa ba ma'aikata, in kana son gida ka shiga layi ka jira, kuma ya ci Pritzker a 2002. Peter Zumthor ofishinsa ƙarami ne a ƙauyen Haldenstein a Suwizalan, ya ci a 2009. In ofis ya kai mutum ɗari oga ya daina zane, ya koma taro da neman kwangila da sa hannu a takarda, kuma dole ya karɓi aikin da zuciyarsa ba ta so saboda albashin mutane na jiransa. Ku zauna ku ukun ku tambayi kanku da gaske wanne kuke so, don na ga abokai da suka rabu ba don kuɗi ba, kawai ɗaya na son girma ɗaya na son ya riƙa taɓa kowane layi da hannunsa.

Sabon_Akitek:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti maganar albashin nan ta taɓa ni sosai. Amma Baba duk waɗannan wani babban aiki ne ya faɗo musu, mu da muke gyaran cikin ofisoshi fa, akwai hanya ta nan?

Tsohon_Hannu:
Akwai mana, kar ka raina ta. Kamfanin Gensler a San Francisco a 1965, Art Gensler da matarsa Drue da James Follett, su ma mutum uku, da tsara cikin ofisoshin haya suka fara, aikin da manyan akitek na lokacin ke ganin bai kai matsayinsu ba. Amfaninsa shi ne mai ofis yana dawowa, bana ya ƙara hawa ɗaya, baɗi ya buɗe reshe a wani gari ya tafi da kai. Haka suka yi ta bin kwastomominsu gari-gari, shagunan tufafi na Gap na cikin waɗanda suka yi wa aiki, yau dubban ma'aikata gare su, su suka zana Shanghai Tower mai mita 632, kuma ma'aikatan ne ke da hannun jarin.

Abin da zan ce ku yi tun yanzu da ba ku da abin faɗa a kai, ku je wajen lauya ku rubuta yarjejeniya, kowa kasonsa nawa, in ɗaya zai fita ko ya rasu ya za a ƙiyasta kasonsa a biya shi ko iyalinsa, kuma ta wace hanya yaron da ya nuna ƙwazo zai sayi kaso ya zama ɗayanku. Ku raba aiki, ɗaya ya riƙe kuɗi da bin bashi ko da ba ya so. Kowane aiki ku ajiye fayil ɗinsa yadda wanda bai san shi ba zai buɗe ya gane, har da abin da ya ba da matsala a fili da yadda aka gyara. Cikinku wa ya fi iya magana da mai aiki in ransa ya ɓaci? Faɗa min wannan tukuna sai mu ci gaba.