Me za mu kira nistagmus da Hausa?

Jama'a, kalma nake nema. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen idon yara a nan Kano. Bayan an yi wa jariri aikin yanar ido, abu biyu muke dubawa duk zuwan da uwa za ta yi: ko idanun suna kallon wuri ɗaya, da kuma ko suna tsayawa. Na farko yana da suna, harara-garke, kodayake ni "karkacewar ido" nake cewa, don wancan ya zama sunan tsokana a bakin yara.

Na biyun ne ya gagare ni. Likitoci na kiransa nistagmus: ƙwayar ido ta riƙa kai-komo da kanta, yaro ba shi da ikon tsayar da ita. Duk wanda ya taɓa kallon idon zabiya da kyau ya san abin.

A makonnin farko ƙwaƙwalwar jariri ke koyon kafa ido a kan abu. In yanar ido ta rufe idanu biyu, wajen wata 2 zuwa 3 kai-komon yake somawa. Shi ya sa ake son a yi aikin ido ɗaya kafin mako 6, na ido biyu kafin mako 10. Mu kuwa sau da yawa sai yaro ya fara rarrafe ake kawo mana shi. A cire yanar, a wani yaron kai-komon ya ragu, a wani ya zauna masa.

Da na yi muku wannan tambaya, da yawanku kun ce "rawar ido". Na gode, amma na gwada. Na faɗa wa wata uwa daga Kurna cewa 'yarta na da rawar ido, nan take fuskarta ta sauya. Ta yi gaskiya, mai rawar ido a wurinmu marar kamun kai ce. Ga kuma "idona na rawa, zan ga baƙo", wanda fatar ido ce ke motsi, ba ƙwaya ba.

Hajiyar da ta kawo "karkarwar ido", tsorona shi ne karkarwa tana kai tunanin uwa ga farfaɗiya ko iska, ta tafi neman hayaƙi ta daina zuwa asibiti.

Malam, kai da ka ce "lilon ido", Allah ya saka da alheri. Lilo ya tafi ya dawo, kuma babu zagi a cikinsa. Na ji gyaran da aka yi cewa wani nau'in fizga yake yi, ba lilo ba. Haka ne, wannan sai mu ce "lilon ido mai fizga".

Shi na ɗauka. Gobe haka zan faɗa: "Maman yaro, lilon ido ne. Kada ki cire masa tabarau, in kuma ya karkata kai yana kallo ki bar shi, a nan lilon yake lafawa."