Musayar waƙa: Little Walter da yaron da ya busa a taron tunawa da shi

Mai Sarewa:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Jiya na kalli bidiyon wani taron tunawa da Little Walter, sarkin busa harmonika (ɗan ƙaramin abin busa da ake sawa a baki) na kiɗan buluz na Amurka. Wani matashi ne ya busa "Juke", shahararren kiɗan Walter, ni dai ya burge ni. Ga nawa:

A Luwisiyana, garin Marksville, aka haife shi,
Titin Maxwell na Shikago ne ya goge shi,
Mawaƙin buluz Muddy Waters ya ji busarsa ya ɗauke shi.

Makirufo da harmonika ya haɗa ya kai baki,
Tafin hannu biyu ya rufe, ya yi musu ɗaki,
Ya jona wa lasifika ya ƙure mata aiki,
Ƙarfen da bai kai taƙi ba ya yi amon kakaki.

A 1952 "Juke" ta fito ba a rera ko baiti,
Mako 8 tana saman jadawalin kiɗan R&B na Amurka da zallar sauti,
Yaron jiya ya kawo ta daidai, bai kauce wa saiti.

Baba Mai Faifai:
Ɗana, na ji waƙarka, yabon Walta ya yi kyau,
Amma batun yaron nan, a nan muka rabu yau.

Ya haddace faifan tsaf, ya maido mana hadda,
Ko aku ya iya wannan in ka ba shi gyaɗa.
Walta in ya ja numfashi ciki, sautin kan lanƙwashe,
Ya yi ƙasa kamar mai kuka, sannan ya tashe.
Na yaro a miƙe yake, fes, kamar an wanke,
Ba gishiri ba yaji, miyar da aka tace aka yanke.

Mai gangarsu kuma, kai, Allah ya ba mu haƙuri,
Dakan sakwara yake, ya cika mu da ruri.
Fred Below da ya yi wa Walta kiɗa, hannunsa da sauƙi,
Yana lilo da kiɗan, ba duka kamar na yaƙi.

'Yar Auta:
Baba, a yi mini afuwa, ƙaramar baki zan sa,
Takalmin giwa aka ba yaro, ina zai kai ƙafarsa?
Na ga gumi na ɗiga daga haɓa zuwa rigarsa,
Hannun da ya riƙe makirufo na rawa don fargabarsa.
Mutumin da ya rasu a 1968, yana da 37 a shekarunsa,
Yau sa'an jikokinsa ke neman sawunsa.
Wannan kaɗai bai isa a tafa masa ba, Baba?

Baba Mai Faifai:
'Yata, na tafa wa niyya, busa nake wa hisabi.
Walta masu busa saksafon ya saurara, ya ɗebo salo ya bi,
Ya zuba a ɗan ƙarfensa, ya buɗe sabon babi.
Da kwaikwayo ya tsaya, wa zai san sunansa?
A 2008 cibiyar karrama mawaƙa, Rock and Roll Hall of Fame, ta karrama aikinsa,
Shekara 40 cif bayan an rufe kabarinsa.

Mai Sarewa:
Baba, na ga alama ba ka kai ƙarshen bidiyon ba,
Da suka shiga "My Babe" yaron bai bi faifai ba.
Waƙar Walta ce ta 1955, rubutun Willie Dixon, ba ka manta ba,
Ya rufe ido, ya saki hadda, bai waiwayi kowa ba,
Ya ja wani dogon sauti har mai gangar bai iya bin sa ba.

Baba Mai Faifai:
Gaskiya ne, a "Juke" na kashe, haushi ya ɗebe ni,
Yanzu na koma na ji, wurin nan ya taɓa ni.
Rabin maganata na janye, kada ku matsa mini,
Amma mai gangar nan, ko kun haɗu kun roƙe ni!