Muhawara: Iyayen gidan jam'iyyar Congress sun riƙe Indiya ne, ko sun shaƙe ta?

Malamin Tarihi: Ni dai ra'ayina, gungun iyayen gidan jam'iyyar Congress da ake kira Syndicate alheri ne ga Indiya. Da Firaminista Nehru ya rasu a Mayun 1964, Kamaraj, shugaban jam'iyya, ya bi 'yan majalisa da shugabannin jihohi yana jin ta bakinsu, ya fito da sunan Lal Bahadur Shastri a matsayin sabon firaminista. Morarji Desai, wanda shi ma yake neman kujerar, ya haƙura, aka miƙa mulki lami lafiya.

'Yar Jarida: Malam, wannan tuntuɓa ce ko naɗi? Ƙarfinsu ai a fili yake. Atulya Ghosh na riƙe da Bengal ta Yamma, S.K. Patil na da Bombay da attajiranta, Nijalingappa na da Mysore, Sanjiva Reddy kuma Andhra. Su ke raba tikitin takara, su ke tara kuɗin kamfen, don haka ɗan majalisa ba ya ƙetare maganarsu. A 1966, bayan rasuwar Shastri, da suka tsaya wa Indira Gandhi ta doke Desai a takarar kujerar firaminista da ƙuri'a 355 da 169, ba cancanta suka duba ba. Sun zaci za ta juyu a hannunsu.

Malamin Tarihi: Hajiya, ai dai an kaɗa ƙuri'a a fili.

Dattijo: Ku duba zaɓen 1967, a nan asirinsu ya tonu. Congress ta sauko zuwa kujeru 283 cikin 520 na majalisar tarayya. Kamaraj ya faɗi a Virudhunagar a hannun ɗalibi ɗan jam'iyyar adawa ta DMK, George Fernandes ya kayar da Patil, Ghosh ma ya rasa kujerarsa. Uban gidan da ya kasa kawo mazaɓarsa, da wane baki zai umarci firaminista?

'Yar Jarida: Shi ya sa a 1969 Indira ta yi musu fintinkau, Baba. Suka tsayar da Reddy takarar shugaban ƙasa, ita kuma ta karɓe ma'aikatar kuɗi daga Desai, ta mayar da bankuna 14 hannun gwamnati, ta mara wa abokin takarar Reddy, V.V. Giri, baya ya ci. Nijalingappa, shugaban jam'iyya a lokacin, ya kore ta a Nuwamba, jam'iyya ta dare biyu. A 1971 ta samu kujeru 352, ɓangarensu 16.

Malamin Tarihi: To, me ya biyo baya? Daga 1972 aka daina zaɓen cikin gida a Congress har 1992. Shugabannin jihohi daga Delhi ake naɗo su. Lokacin da aka ƙaƙaba dokar ta-ɓaci a 1975, babu mai ƙarfin taka mata birki a cikin jam'iyyar. Wannan nake so Hajiya ta amsa mini.