Jinina ya sauka a wata na shida, wace ce ta taɓa shiga wannan halin?

Amaryar Bara:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Cikin fari ne da ni, wata shida. Ranar Talata na je awo aka ɗebi jinina, malamar ta ce PCV ɗina, wato ma'aunin yawan jajayen ƙwayoyin jini, 27 ne, alhali bai kamata ya gaza 33 ba. Ta tambaye ni ko ina shan maganin ƙarin jinin da suka ba ni, na ce eh. Allah ya yafe min, ƙarya na yi. Jar ƙwayar nan tun wata na huɗu take kwance a durowa, don duk ranar da na sha sai zuciyata ta yi ta tashi, bayan gida kuma ya zama aiki. Surukata ta ce in rabu da ita, ta sa maigida ya sayo katan na malt da madarar gwangwani, kullum da dare ina haɗawa. Amma ko tsakar gida na share sai na zauna ina haki. Don Allah wadda ta taɓa shiga irin wannan ta faɗa min yadda ta yi.

Maman 'Yan Biyu, Gusau:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kamar labarina kike bayarwa. Ni ma malt da madara na riƙe a cikin 'yan biyuna, wata uku cur. Na yi kumatu, kowa ya gan ni sai ya ce jini ya zauna. Ashe ƙiba ce kawai. Ranar da asiri ya tonu ina tsaye ina kwashe tuwo na ji kunnuwana sun toshe, mara ta faɗi daga hannuna, sai farkawa na yi na ga kishiyata tana yayyafa min ruwa. Da aka je asibiti likita ya ja fatar idona ƙasa ya ce wa maigida ya leƙa: fari fat, kamar takarda. PCV 19. Leda biyu aka ƙara min kafin haihuwa, ɗaya bayan haihuwa. Kuɗin da ya tafi a wannan satin ya isa a saya min ƙwayar nan har in daina haihuwa. Ban ce ki zubar da malt ɗinki ba, tunda an saya, amma ki sha shi a matsayin lemo.

Uwar Ɗaki, Maraɗi:
Ni matsalata shayi ce. Mu nan in ba a ɗora buta bayan abinci ba kamar ba a ci ba, kuma da shi nake kora maganin. Wata biyu ina sha ba fashi, aka sake gwaji, jinin bai motsa ba. Ungozomar likita ce ta zaunar da ni ta ce in lissafa mata abin da nake ci daga safe zuwa dare. Ina ambaton shayi ta ɗaga hannu ta ce tsaya nan. Ta ce in raba su da awa biyu, in sha ƙwayar da ruwa ko lemon zaƙi. Abin da na canza ke nan, a awo na gaba har taya ni murna ta yi.

Anti Nas:
Amarya, da farko ki koma ki gaya wa malamar gaskiya. Ba za ta cinye ki ba, kullum muna jin irin wannan. Illar ƙaryar ita ce za ta ɗauka maganin ne bai yi aiki ba, ta shiga neman wata cutar da babu ita.

Mai ciki jininta yana ƙaruwa sosai, amma ruwan jinin ya fi ƙwayoyin saurin ƙaruwa, shi ya sa ɗan sauka a tsakiyar ciki ba abin tsoro ba ne. Sai dai 27 ya wuce ɗan sauka. Daga farkon ciki zuwa haihuwa jiki yana buƙatar ayon, wato sinadarin ƙarfe mai gina jini da ke cikin jar ƙwayar nan, kusan miligiram 1,000, na jaririn da mabiyiya da jinin da za ki zubar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace mai ciki ta sha miligiram 30 zuwa 60 na ayon a kullum, da maikirogiram 400 na folik asid. Wannan na rigakafi ne. Wadda jininta ya riga ya sauka, a asibiti za a tsara mata nata.

Malt sukari ne da ruwa da ɗan bitamin. Madara kuwa abinci ce mai kyau, amma ayon ɗinta kaɗan ne ƙwarai, kuma kalsiyam ɗin cikinta yana rage wanda hanji zai tsotsa idan aka haɗa su lokaci ɗaya. Shayi da kofi haka. Abu mai bitamin C, irin lemo, gwaiba da tumatir, shi ke taimakawa.

Tashin zuciyar kuma, gwada sha da dare bayan kin ci abu kaɗan, ki kwanta a kai. Bayan gida zai yi baƙi, ba ciwo ba ne. Ki yawaita ruwa da ganye da gwanda nunanniya. In duk da haka ta ƙi zama, akwai na ruwa, akwai wata ƙwayar mai sinadarai 15 da wasu asibitoci ke bayarwa yanzu, akwai ma wanda ake sawa ta jijiya. Ki tambaya.

Hajiya Kaka:
Ni dai 'ya'yana tara na haifa, ƙwaya ko ɗaya ban sha ba. Zogale a bayan ɗaki, rama, yakuwa, miyar kuka da daddawa mai yawa, fura ta gero zalla. Ku yanzu taliyar leda da farar shinkafa kuka mayar abinci, sannan ku ce jini ya ƙare. Ina zai fito? Ki samu zogale ki dafa, ki matse, ki daka ƙuli, ki yanka tumatir da albasa, ki matsa lemon tsami. Ki ci da rana kamar magani. Ranar kasuwa a sayo miki hanta.

Anti Nas:
Hajiya, kwaɗon nan naki ban da abin cewa a kansa, lemon tsamin ma shi ne sirrinsa. Sai dai ayon na ganye da wake da gero kaɗan jiki ke iya ɗauka, ba kamar na nama da kifi ba. Mai jini daidai zai riƙe ta. Mai 27 da saura wata uku ta haihu, ba zai kai ta ba shi kaɗai. Hanta kuma kaɗan, jefi-jefi, saboda bitamin A ɗinta yana da yawa, yawansa ba ya yi wa ɗan ciki kyau.

Hajiya Kaka:
To ku ne masu karatu. Amma kar ta bar kwaɗon. Kuma tunda ana faɗin gaskiya, ƙanwata da muke ciki ɗaya a wurin haihuwa ta tafi, jini ya ɓalle, ko awa uku ba ta yi ba. Lokacin cewa muka yi kwana ne ya ƙare. Kwanan ne, amma na tuna yadda tafin hannunta ya yi fari tun kafin naƙuda. Allah ya jiƙanta.

Ummu Sadik, Kumasi:
Amin Hajiya. Ni nawa sauro ne ya sha. Ina shan magani, ina cin nama, jinin yana ta ƙasa. Ko zazzaɓi ba na ji sosai, ashe maleriya ce a ɓoye take fasa ƙwayoyin jinin. Sai da aka yi maganinta, na koma shan Fansidar ɗin nan na rigakafin maleriya guda uku da ake ba mu a gaban malamar awo duk wata, na ɗaura gidan sauro duk da zafi. An kuma ba ni maganin tsutsar ciki sau ɗaya. Amarya ki ce su duba miki wannan ma.

Baƙuwa:
Ku yi haƙuri in tambaya, akwai wadda ta yi kwaɗayin ƙanƙara da farar ƙasa? Ni har ɓoyewa nake a kicin ina gurgura, in an yi yayyafi ƙamshin ƙasa kamar in yi kuka.

Maman 'Yan Biyu, Gusau:
Ni ce shugabarku! Bangon ɗakin kakar mijina har rami na yi masa. Likita ya ce sau da yawa alamar ƙarancin ayon ce, kuma ƙasar tana ƙara hana jiki ɗaukarsa. Jinin na dawowa kwaɗayin ya tafi, yanzu ko kallonta ba na son yi. Je ki a gwada ki.

Jaruma Mai Sikila:
Ina so in ja kunnen 'yan'uwana masu SS. Namu ƙarancin jinin daban ne, ƙwayoyin ne ke mutuwa da wuri, kuma wadda aka sha yi wa ƙarin jini tana iya tara ayon fiye da kima. Wata maƙwabciya da kyakkyawar niyya ta kawo min kwalbar maganin ƙarin jini daga kemis, na kai wa likitana, ya ce in ajiye sai an gwada an ga ina buƙata. Folik asid dai kullum. Kar wadda ta karanta labarin Amarya ta ɗauka duk kanwar ja ce.

Abban Hanifa:
Ku gafarce ni iyaye, na shigo zancen mata. Ni ne na hana iyalina shan maganin, don an ce min yana sa yaro ya yi ƙato a kasa haihuwa. Ranar haihuwar aka ce a kawo jini cikin dare. Nawa bai dace da nata ba. Ƙarfe biyu na dare ina bisa babur ina buga ƙofofin abokai, biyu suka ce suna tsoron allura, ɗaya aka gwada aka ce nasa ma bai kai ba. Wani ɗan unguwarmu da ko gaisawa ba ma cika yi ne ya bayar. Yarinyar da nake tsoron ta yi girma kilo 2.1 ta zo. A ciki na biyu ni nake miƙa mata ƙwayar da hannuna bayan isha'i. Ki nuna wa maigidanki wannan, in ya so shi ya san yadda zai yi da Hajiyarsa, ba ke ba.

Amaryar Bara:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yau sati uku ke nan. Na koma na faɗa wa malamar gaskiya, ta harare ni ta saman tabarau, sannan ta yi dariya ta ce ni ce ta huɗu a ranar. An gwada maleriya, akwai, an ba ni magani. Ƙwayar da dare nake sha da lemon zaƙi rabi, tashin zuciyar ya ragu, bai tafi duka ba. Shayi na mayar da shi hantsi. Jiya aka sake gwaji, 30. Hajiya Kaka, kwaɗon ya karɓe ni, sai dai maigida yana cinye min rabi. Surukata kuwa ta ce aikin malt ne, na ce haka ne Umma. Saura kwalba bakwai a katan ɗin.