Fatar 'yata mai ekzima tana tsagewa da zarar sanyi ya shigo, mene ne abin yi?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan wannan lalura. 'Yata mai shekara 6 tana fama da ekzima, wato ciwon bushewar fata da ƙaiƙayi, tun tana jaririya, kuma likita ne ya tabbatar mana da ita. A sauran watanni abin yakan lafa, amma da zarar sanyi ya kankama sai fatar bayan gwiwoyinta da ta lanƙwasar hannuwanta ta bushe, ta yi duhu da kauri, har ta fara tsagewa. Da daddare abin ya fi tsanani, domin takan yi ta susa cikin barci har a wayi gari da ɗigon jini a zanin gado. Ina shafa mata mai safe da yamma, amma kamar ban shafa komai ba. Shin in rage mata wanka ne, ko kuwa man ne bai dace ba? Akwai kuma man magani da aka rubuta mana, wanda nake jin tsoron yawaita shi saboda an ce yana sa fata ta yi laushi ta lalace.

Abu Hafsat:

Wa alaikumus salam, Maman Ilham. Allah ya ba ta lafiya. Fatar mai ekzima ba ta iya riƙe ruwa kamar ta sauran mutane, kuma iskar sanyi busasshiya ce, idan aka ƙara da na'urar ɗumama ɗaki sai ɗan damshin da ya rage ma ya tafi. Saboda haka ina ganin lokacin shafa man ya fi yawansa muhimmanci. Ki yi mata wanka da ruwa mai ɗumi kaɗan, ba mai zafi ba, kada ya wuce minti 10, sannan ki dafa mata tawul a jiki maimakon gogewa, ki shafa man cikin minti 3 tun fatar tana da sauran laima. Idan man da kike amfani da shi mai ruwa-ruwa ne da ƙamshi, ki bar shi har sanyi ya wuce, ki koma mai kauri marar turare irin Vaseline. A nawa ra'ayin, wanka sau uku a mako ya ishe ta a wannan lokaci.

Umma Rabi:

Na yarda da Abu Hafsat a kan komai in ban da rage wankan. Wanka a kullum ba ya cutarwa muddin gajere ne kuma mai ya biyo bayansa nan take, domin yana wanke gumi da ƙurar da ke tayar da ƙaiƙayi. Abin da ke yin ɓarna shi ne ruwan zafi da sabulu mai yawan kumfa da kuma soso. Ki duba tufafinta ma, 'yar'uwa. Rigar sanyi ta ulu idan ta taɓa fata kai tsaye tana tsikarinta, don haka a sa mata ta auduga daga ciki. Kada a tula mata barguna, saboda zufar da za ta yi cikin dare ita ce mai tayar da susar. A yanke mata farce ƙasa-ƙasa. Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, man da ya jiƙa riga ko zanin gado yana sa su saurin kama wuta, ko da an wanke su, don haka kada ta zauna kusa da harshen wuta tana jin ɗumi.

Anti Nas:

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma maganar man maganin nake so in tsaya a kai, domin tsoronsa yana sa yara da yawa shan wahalar da ba ta zama dole ba. Mai na yau da kullum kariya ne, amma ba ya kashe kumburin da ya riga ya tashi. Wannan aikin man sitiroid ne, irin su hydrocortisone, kuma lalacewar fatar da kike gudu tana zuwa ne idan an daɗe ana shafa mai ƙarfi babu hutu, musamman a fuska. Ki bi adadin kwanakin da likita ya rubuta daidai. Ma'auninsa mai sauƙi ne: abin da aka matso daga kan yatsan manuni na babban mutum zuwa gaɓar farko ya isa shafe wuri mai faɗin tafin hannu biyu na babban mutum. Ki shafa shi a inda ya tashi kawai, ki bar tazarar kamar minti 30 tsakaninsa da man jiki. Man jikin kuma ki ɗebe shi da cokali mai tsabta idan na cikin gwangwani ne, ki shafa shi ta inda gashi ya kwanta don kada ƙofofin gashin su toshe.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a bayaninki shi ne tsagewar da jinin, saboda ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga. Idan kika ga wurin yana tsattsafo da ruwa, ko ya yi ɓawo mai ruwan zuma, ko ya fara mugunya, ki kai ta a duba. Idan kuwa ƙananan ƙuraje masu ruwa da zafi suka fito tare suna bazuwa da sauri, ga zazzaɓi, to ranar za ki kai ta asibiti, kada ki jira gobe.