Shawarwari ga ƙannenmu masu gama karatun likita

Ga abin da na tsinta daga hirar manyanmu likitoci a Garwa, ƙasar Kamaru. Bayan shekara 7 na karatu fara yin rajista da ONMC (hukumar rajistar likitocin Kamaru) tukuna, kar ka taɓa majinyaci ba lambar rajista. Sun fi daɗewa kan gardin dare, wato aikin dare a asibiti, wai ranar farko za ka ga kai kaɗai ne a asibitin ƙauye ba babba kusa, to ka riƙe nas-nas da kyau don sun riga ka sanin wurin, kuma lambar wani babba ta zauna a wayarka. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani maganinsa artesunate ne ta jijiya, yaro kuma a auna nauyinsa kafin lissafin magani, nan ake yawan kuskure wallahi. Damina kwalara, rani sanƙarau. Wanda bai iya Fulatanci ba ya fara koya, ni ma na goyi bayan wannan. Albashin farko kan makara, a yi tanadi.